Sa'adatu da Umarnin Kwashe Hotuna

Idan masu yi wa ƙasa hidima suka sauka sansanin Kusalla a Karaye na makonni 3, mai ɗaukar hoto kan tara aiki jibgi, haka ma mai shagon kwamfuta a Rogo lokacin rajistar JAMB. Wanda ya iya Linux kan rubuta 'yan layukan umarni a Bash, ya sa mv ta kwashe fayiloli zuwa filashi. Da abin ya cije sai a ce na'ura ta lalace. A ganina yawanci rubutun ne bai san sunayenmu ba, kuma kuskuren da ya fi haɗari shi ne wanda ba ya magana.

Ɗauki fayil mai suna "Sa'adatu Musa.jpg". Idan aka ajiye sunan a cikin f, aka rubuta $f tsirara, Bash za ta raba sunan a wurin tazarar, mv ta nemi fayiloli biyu da babu su, ta ce "No such file or directory". Maganin kawai a rubuta "$f". Alamar da ke tsakiyar Sa'adatu kuwa tana rikita xargs, wadda ke ɗaukarta buɗewar zance, sai an haɗa find -print0 da xargs -0. Filashin FAT32 ma ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4, shi ya sa bidiyon biki ke tsayawa. Waɗannan duk da sauƙi, domin suna kuka, kuma set -x na nuna layin da ya faɗi.

Mugun shi ne na shiru. Kyamarori biyu kan ba hotuna suna ɗaya, IMG_0001.jpg, mv kuma ta danne na farko ba sallama, sai dai an sa mata -n. Sannan tsakanin kwamfuta da filashi mv kwafewa take yi ta goge na asali, alhali wani sashen bai gama sauka ba. A ɗauke wuta a nan, ko a zare filashin da gaggawa, an yi biyu babu. Don haka a kwafa da cp, a sa sync, a gwada da cmp, sannan a goge.

Wani zai ce wannan ɓata lokaci ne ga mai cinkoson kwastomomi da janareto mai shan fetur. Gaskiya ne gwajin na ƙara mintuna. Amma kwamfuta ce ke yin jiran, mai shago na sallamar jama'a, hoton ranar ɗaurin aure kuwa idan ya salwanta ba a sake tara dangi a maimaita shi.