Lissafin Ninki da Logaridim: Yadda Ake Sauko da Lambar Sama

Ɗalibin aljabra yakan saba da neman adadin da ya ɓuya a kan layi, kamar 2x = 32, inda rabawa kaɗai ta wadatar. Wahala takan fara ne idan adadin ya hau sama, aka rubuta 2ˣ = 32. A nan tambayar ta sauya: sau nawa za a jera 2 ana bugawa da juna kafin a kai 32? Amsa ita ce 5, kuma wannan 5 ɗin shi ne logaridim na 32 a bisa tushen 2. Watau logaridim amsa ce ga tambayar "ninki nawa?", tambayar da Bahaushe ya daɗe yana yi a kasuwa da gona.

Misalin 32 yana da sauƙi domin ya faɗa daidai kan ninki. Al'amuran rayuwa kuwa ba kasafai suke faɗawa haka ba. Ƙidayar 1991 ta ba Jihar Katsina mutum kimanin miliyan 3.75, ta 2006 kuma miliyan 5.8. Ko da yake ba a rabu da gardama kan alƙaluman ƙidaya a Nijeriya ba, waɗannan biyun suna nuna ƙaruwar kusan kashi 3 cikin 100 a kowace shekara. Ke nan jama'ar kowace shekara ita ce ta shekarar da ta gabace ta sau 1.03. Idan aka ɗauka cewa Dutsin-Ma da Kurfi suna tafiya a kan wannan ƙima, shekara nawa za a yi kafin mutanensu su ninka? A rubuce tambayar ita ce 1.03ˣ = 2.

Rabawa ba za ta fito da x ba, debewa ma haka. Sai a ɗauki logaridim na ɓangarorin biyu, domin ƙa'idarsa ita ce ya sauko da lambar sama ta koma abin bugawa: x sau log 1.03 = log 2. Jadawali ya nuna log 2 shi ne 0.3010, log 1.03 kuma 0.0128. Idan aka raba na farko da na biyu sai a sami kimanin 23.5. Ashe jaririn da aka raɗa wa suna bana, kafin ya cika shekara 24 zai tarar da ninkin mutanen da ya zo ya iske, alhali gonar gado tana nan yadda take, madatsar ruwa ta Zobe da aka kammala a 1983 ita ma ba ta ƙara faɗi ba. Kashi 3 da ake rainawa a baki, ga inda yake kaiwa.

John Napier na Sikotland ne ya fara wallafa jadawalin logaridim a 1614, Henry Briggs kuma ya mayar da tushensa 10. Na'urar lissafi ta kore jadawalin daga yawancin azuzuwa, amma ba ta ɗauke wa ɗalibi tunani ba, musamman idan x yana cikin logaridim ɗin kansa.

Alal misali, log x + log (x − 3) = 1. Tara logaridim biyu daidai yake da logaridim na buga lambobinsu, saboda haka x(x − 3) = 10, wanda ya ba da x = 5 ko x = −2. A nan ne ɗalibai da dama suke asarar maki, domin sukan miƙa amsa biyun su ajiye alƙalami. Amma fa babu yadda za a yi ta ninka 10 har a sami adadin da ya gaza sifiri, don haka log (−2) ba shi da ma'ana a wannan mataki na karatu. Wajibi ne a mayar da kowace amsa cikin tambayar asali: 5 ta ba da log 5 + log 2, wanda shi ne log 10, watau 1. Ita −2 kuwa sai a jefar da ita.