Filin Naka Ne, Amma Garin Na Kowa Ne

Sau da yawa idan ma'aikatan Hukumar Tsara Birane ta Jihar Kano, watau KNUPDA, suka shafa jan fenti a bangon wani gini, maganar farko da kan fito daga bakin mai ginin ita ce, "Ai da kuɗina na sayi filina." Gaskiya ne da guminsa ya saya, amma sayen fili bai ba mutum ikon yin duk abin da ya ga dama a cikinsa ba. Rashin sanin haka ya jawo wa mutane da yawa asarar dukiyar da suka yi shekaru suna tarawa.

Tun ran 29 ga watan Maris na 1978, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar amfani da ƙasa, dukkan ƙasar da ke cikin kowace jiha ta koma hannun Gwamna, yana riƙe da ita amana domin amfanin jama'a. Abin da mai gida yake da shi, shi ne izinin zama a kan filin, wanda galibi na shekara 99 ne idan na gidan zama ne. Satifiket ɗin da ake ba shi yana ɗauke da sharuɗɗa, kuma a ciki akan rubuta abin da aka ba da filin dominsa, ko gidan zama, ko kasuwanci, ko masana'anta. Dokar ta ba Gwamna ikon soke izinin wanda ya saɓa wa waɗannan sharuɗɗa.

Wasu suna ɗauka cewa ware wa kowace harka wurinta baƙon abu ne da Turawa suka kawo. To, ba haka ba ne. Tun kafin zuwansu birnin Kano yana da tsarinsa: ciniki a Kasuwar Kurmi, marina a Ƙofar Mata, maƙera da dukawa kowa da unguwarsa. Mai unguwa ba ya barin mutum ya juya indararonsa cikin gidan maƙwabci, ko ya ci hanya da katangarsa. Abin da Turawa suka ƙaro shi ne dokar garuruwa ta 1917, wadda ta sa a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwarsu da ta 'yan ƙasa, sai kuma dokar tsara gari da ƙauye ta 1946. Bayan samun mulkin kai aka yi wa Kano da kewayenta tsarin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, amma garin ya bunƙasa fiye da yadda aka yi zato, filayen awon igiya suka mamaye gonakin da ke gefensa.

Dalilin wannan tsari a fili yake. Wanda ya mai da gidansa gidan mai ko ma'ajiyar gas a tsakiyar unguwa ya ajiye wa maƙwabtansa wuta a bakin ƙofa. Wanda ya cike kududdufi ya yi gini, ko ya ɗora shago a kan lambatu, ya kori ruwan sama ne zuwa ɗakin wani. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kasuwar Kantin Kwari ya lalata kaya masu ɗimbin yawa, kuma gine-ginen da aka yi a kan hanyoyin ruwa suna cikin abubuwan da aka ɗora wa alhaki. Saboda haka ne ake buƙatar mutum ya kai zanen gininsa ga hukuma ta amince kafin ya haƙa harsashi, haka kuma idan zai ƙara bene, ko zai fasa katanga ya fitar da shaguna.

Batun allunan talla shi ma yana da nasa ƙa'idoji. Tsarin Mulkin 1999 ya sa kula da tallace-tallacen waje cikin ayyukan ƙananan hukumomi, wasu jihohi kuwa suka kafa hukumomi na musamman domin wannan aiki, kamar yadda Legas ta yi a 2006. Dokar soja mai lamba 88 ta 1992, wadda ta shafi tsara birane, ta hana kafa allon talla sai da rubutaccen izini, kuma ta ba hukuma ikon ƙayyade girmansa da wurin da za a kafa shi. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsara birane hurumin jihohi ne, don haka dokar jiharsa ce mai gida zai bincika. Amma hikimar ɗaya ce a ko'ina. Allon da aka kafa a kan kwana yana tare wa direba gani, wanda aka ɗaura a jikin turken lantarki yana iya kashe mai ɗaurawa, kuma babban allon da ba a kafa shi da ƙarfi ba, iskar farkon damina tana iya jefa shi a kan mai wucewa. Mai gidan da ya ba da hayar rufinsa ko bangonsa ga 'yan talla, ya kamata ya ga takardar izininsu da idonsa.

Sai maganar itatuwa, wadda ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Duk wanda ya dubi sunayen unguwannin Kano zai ga matsayin da itace yake da shi a wurin magabata: Kurna, Giginyu, Ɗorayi, Durumin Iya, Kasuwar Rimi. Yau a wurare da dama sunan kaɗai ya rage. Manyan itatuwan da suka yi wa titunan Nasarawa rumfa suna ta raguwa, domin ana yanka manyan fulotai ana mai da su rukunin shaguna. Dokar nan ta 1992 ta tanadi cewa hukuma tana iya sa sharaɗin barin itatuwan da aka tarar, ko dasa sababbi, kafin ta ba da izinin gini. Itacen da ke bakin titi, a wajen iyakar fuloti, ba na mai gida ba ne, ko da shi ya dasa, don haka ba ya sare shi sai ya nemi izini. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, darbejiyar da ta yi shekara 30 tana girma ba abin da za a kayar cikin sa'a ɗaya ba ne don kawai a ga sunan kanti daga nesa.

Har ila yau, nauyin ba a kan talaka kaɗai yake ba. A watan Yuni na 2023 gwamnatin jiha ta rushe shagunan da aka gina a Filin Idi da gine-ginen harabar tsohon otal ɗin Daula, bisa dalilin cewa wuraren na jama'a ne. 'Yan kasuwar Filin Idi suka kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta ba da umarnin a biya su diyyar Naira biliyan 30. Darasin da ke ciki ya shafi ɓangarorin biyu. Idan gwamnati ɗaya za ta ba da fili, wata ta zo ta rushe, ba wanda zai sake amincewa da takarda. Ya wajaba hukuma ta buga taswirar tsarin gari a inda kowa zai iya gani, ta rage jinkirin ba da izini wanda ke sa mutane su yi gini a ɓoye, ta kuma tsayar da aiki tun yana harsashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shi kuwa mai niyyar sayen fili, kafin ya miƙa wa dillali ko kwabo, sai ya je ma'aikatar ƙasa da safiyo ya tabbatar da sahihancin takardar, ya je hukumar tsara birane ya ji abin da aka ware wurin dominsa, ya kuma ziyarci filin da damina ya ga inda ruwa ke bi. Wahalar kwana uku a ofis ta fi kallon katafila tana cin gidan da aka yi shekara goma ana ginawa. Allah Ya ba mu ikon kiyaye haƙƙin maƙwabtaka, amin.