Ukulele: ƙaramar jitar da kafintoci suka ƙirƙira, kai ma za ka iya haɗa ta

Duk wanda ke yawan shiga TikTok ya san wannan 'yar ƙaramar jitar mai tsirkiya huɗu. Sunanta ukulele, kuma asalinta aikin kafintoci ce. A shekarar 1879 wani jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya kai 'yan ci-rani daga tsibirin Madeira na ƙasar Fotugal zuwa Hawai. Cikinsu akwai kafintoci uku, Manuel Nunes da Augusto Dias da José do Espírito Santo. Su ne suka ɗauki samfurin ƙananan jitocin garinsu suka fara yin ta da itacen koa. Sarki Kalakaua ya so ta, daga nan ta bazu.

Shi ya sa masu koyon haɗa kayan kiɗa da yawa suke farawa da ita. Ƙaramar, wadda ake kira soprano, tsawonta kusan inci 21 ne, katako kaɗan take ci. Tsirkiyarta ta roba ce, ba ta jan jikin da ƙarfi irin na waya. Ana yin ukulele da yawa da katakon mahogani, kuma madacinmu ɗan wannan dangin ne. Sharaɗi dai ya bushe sosai, in ba haka ba zai kantare bayan an gama aiki.

Wahalar farko ita ce lanƙwasa gefuna. Ana fere katakon ya koma kamar milimita biyu, a jiƙa shi, a riƙa danna shi a hankali kan bututun ƙarfe mai zafi. Ka yi gaggawa, ka ji ƙas! Ya tsage.

Amma inda ake yin ta ta ƙare shi ne wuya, wurin jera ƙarafan da yatsu ke dannawa. Nan fa lissafi ne, ba a yin sa da ido. Daga saman wuya zuwa inda tsirkiya ke hawa a ciki, tsawon kusan milimita 330 ne. Ka raba shi da 17.817, za ka samu 18.5, wurin ƙarfe na farko ke nan. Ka cire wannan daga 330, ka sake raba ragowar, haka har ƙarshe. Na goma sha biyu dole ya faɗo daidai tsakiya, milimita 165. Kuskuren milimita ɗaya ya isa ya sa kunne ya ji sautin ya kauce, komai kyan fentin.

Shawara ga ɗalibi mai ƙaramin aljihu: kar ka fara da katako mai tsada. Ka je wurin kafintan unguwarku, ka roƙi ragowar katako, ka nemi ya bar ka ka yi aiki da zartonsa da gam. Ka fara gwada lanƙwasawa a kan guntaye. Idan ka ɗaura tsirkiya, ka saita su G, C, E, A, kuma ka yi haƙuri, sabuwar roba tana kwanaki tana saki kafin ta zauna.