Takobi na namiji, asiri na mace? Yadda labaran almara ke rabon iko

Labaran almara su ne waɗanda ake samun aljanu, dodanni, dabbobi masu magana da ruwan da ke warkar da kowace cuta a cikinsu. Da yawa daga cikinmu muna ɗaukar su abin hira ne kawai na bayan sallar isha'i. To amma kowane labari yana yin rabo: wani a ba shi takobi, wani gadon sarauta, wata kuma a ba ta haƙuri. Yaran da ke saurare suna haddace wannan rabon tun kafin su shiga lakwal.

Mu fara da Ruwan Bagaja, wanda muke da shi iri biyu. A tatsuniyar da kakanninmu mata ke yi, yarinya ce ke tafiya. 'Yar Bora ce aka ɗora wa laifin da ba nata ba, aka kore ta ta je ta wanko ƙirgi a ruwan Bagaja. Ba ta da makami, ba ta da doki. Ladabi da juriya ne suka sa ta dawo da dukiya, ita kuwa 'yar Mowa rashin kunya ya jawo mata abin kunya. A littafin Abubakar Imam mai wannan suna, wanda ya fito a 1934, namiji ne ke tafiyar. Alhaji Imam da kansa ya ɗaura aniyar nemo ruwan don a warkar da ɗan sarki, ya yi ta wayo da dabara a hanya, ya dawo da girma. Ruwa ɗaya ne, amma ita tura ta aka yi, shi kuwa zaɓa ya yi. A wannan shekarar ce kuma Bello Kagara ya fitar da Ganɗoki, jarumin da ya kai yaƙinsa har ƙasar aljanu.

Labarin Bayajida ma, duk da ana ba da shi a matsayin tarihin asali, zubin almara gare shi. Daurama ce ke mulkin Daura, amma macijin rijiyar Kusugu ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo ya zo ya kashe macijin, ya auri sarauniya, daga nan sarauta ta koma hannun maza. Abin lura shi ne labarin bai ce Daurama ta yi zalunci ba. Takobi ne kawai ba a sa mata a hannu ba.

Hakan ba ya nufin mata ba su da ƙarfi a almara. Suna da shi, sai dai ta bayan gida yake shigowa: ta baki, ta wayo ko ta asiri. A Dare Dubu da Ɗaya, Shaharzad ta tsayar da sarkin da ke kashe amarensa, kuma da labari kaɗai ta yi hakan. A tatsuniyoyinmu sau da yawa tsohuwa ce ke sanin sirrin Dodo, ita ke faɗa wa saurayi abin da zai yi, amma shi ake yi wa kirari. In kuwa mace ta riƙe ƙarfin don kanta, nan da nan sai labari ya mai da ta mayya ko muguwar kishiya.

Nan ne Sarauniya Mangu ta Lugu, a yankin Dogon Dutsi, ta fita daban. Ita mutum ce ta gaske: a watan Afrilun 1899 mutanenta sun tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone garuruwa da dama a kan hanyarta. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta da Faransanci a 1980, ya haɗa tarihi da almara, ya ba ta baka da kibiya, ya ba ta ilimin itatuwa da asiri, ya ba ta ikon yanke shawara. Med Hondo ya mai da labarin fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Ga mace ke nan da ta haɗa abin da aka saba raba wa maza da mata, kuma ba a sa ta jiran wani ya cece ta ba.

Me ya sa wannan ya dame mu? Saboda yau labaran sun bar bakin kaka sun koma wayar salula, da finafinan da ake fassarawa da Hausa da littattafan da ake karantawa a rediyo. Yarinyar da kullum take jin cewa ladan mace yana cikin yin shiru za ta iya ɗauka haka duniya take. Yaron da bai taɓa jin jarumi ya nemi shawara ko ya ji tsoro ba, shi ma an ɗora masa kaya.

Ba cewa muke a jefar da tatsuniyoyinmu ba, haƙurin 'yar Bora darasi ne mai kyau ga kowa, mace da namiji. Sai dai in an ce ƙurunƙus, yana da kyau mu tambayi yara: wa ya yanke shawara a labarin nan, wa ya yi aikin, wa kuma aka yi wa kirari?