Dukiyar Wanda Ba Ya Iya Riƙon Kansa: Shari'u Biyu Da Suka Sa Aka Gyara Doka A Kalifoniya

A ran 12 ga watan Nuwamba, 2021, wata babbar kotu da ke birnin Los Anjalas a Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka ta yanke hukuncin da ya ja hankalin duniya. Mai Shari'a Brenda Penny ta soke waliccin da aka ɗora wa shahararriyar mawaƙiyar nan Britney Spears tun 2008. Watau shekara 13 da 'yan watanni ke nan, mace baliga mai 'ya'ya biyu, wadda aka ƙiyasta dukiyarta ta kai dala miliyan 60, ba ta da ikon juya kuɗinta sai da yardar waɗanda kotu ta naɗa.

Mai karatu zai yi tambaya, yaya aka yi haka ta faru? A dokar jihar, idan alƙali ya gamsu cewa baligi ba ya iya kula da kansa saboda tsufa, ko taɓin hankali, ko wani haɗari da ya same shi, yana iya naɗa masa waliyyi. Waliccin nan iri biyu ne. Akwai mai kula da jiki, wanda ke da ta cewa a kan mazauni da magani, akwai kuma mai kula da dukiya, wanda ke karɓa, ya biya, ya sa hannu a yarjejeniya. Haka ma ake naɗa wa yaro ƙarami mariƙi idan ba shi da iyayen da za su riƙe shi. Babu shakka doka ce mai amfani, domin in ba don ita ba da tsofaffi da marayu masu yawa sun faɗa hannun macuta. Amma tarihin jihar ya nuna cewa wani lokaci daga cikin gida ɓarnar take fitowa. Hausawa dai sun ce naka shi ke ba da kai.

YARON SILIMA

Tun kafin a haifi Britney, jihar ta taɓa ganin irin wannan rigima a kan dukiyar wani yaro mai suna Jackie Coogan. Shi ne ya fito tare da Charlie Chaplin a wani fim da aka nuna a 1921, lokacin yana ɗan shekara 6. Kafin ya girma an ƙiyasta ya samu tsakanin dala miliyan 3 zuwa 4. A wancan zamani kuwa, duk abin da yaro ya samu da guminsa, a idon doka na iyayensa ne.

Mahaifinsa ya rasu a haɗarin mota a 1935, shekarar da yaron ya cika 21. Mahaifiyarsa ta auri mutumin da ke gudanar musu da harkokin kuɗi. Da Coogan ya nemi dukiyarsa, sai ya tarar an cinye mafi yawanta. A 1938 ya kai su ƙara, amma bayan an cire kuɗin shari'a, abin da ya shiga hannunsa bai wuce dala 126,000 ba.

Wannan abin kunya ya sa majalisar jihar ta kafa doka a 1939, wadda har yau ake kira da sunansa. Bayan gyaran da ya fara aiki a shekarar 2000, abin da yaro ɗan wasa ya samu ya zama mallakarsa, kuma tilas ne a ware kashi 15 cikin 100 a zuba a wani asusun banki da ba mai taɓa shi sai yaron ya cika shekara 18. A 2024 an faɗaɗa wannan kariya ta haɗa da yaran da ake samun kuɗi da hotunansu a intanet.

SHIGA DA SAUƘI

Maganar Britney kuwa ta baligi ce. A watan Janairu, 2008, sau biyu aka kwantar da ita a asibiti saboda halin da take ciki. Ran 1 ga Fabrairu kotu ta naɗa mahaifinta, Mista James Spears, waliyyi na wucin gadi, tare da wani lauya da zai taya shi kula da dukiya. A watan Oktoba na wannan shekara aka mai da waliccin na dindindin. Kotu ta ga cewa ba ta da cikakken hankalin zaɓen lauya, saboda haka ita ce ta naɗa mata wanda zai tsaya mata.

Abin da ya ɗaure wa jama'a kai shi ne, a cikin waɗannan shekaru ta fitar da faya-fayen waƙa guda 4, ta zagaya ƙasashe, ta kuma yi wasa kusan sau 250 a birnin Las Begas daga 2013 zuwa 2017. Wadda aka ce ba ta iya riƙon kanta, ita ce ke ciyar da masu riƙonta. Mahaifinta yana karɓar kimanin dala 16,000 a wata, lauyoyin ɓangarorin biyu kuma daga aljihunta ake biyan su.

Ran 23 ga Yuni, 2021, ta yi wa kotu jawabi ta wayar tarho na fiye da minti 20. Ta yi zargin cewa an tilasta mata aiki, an ba ta maganin da ba ta so, an kuma hana ta aure da haihuwa. Shi kuwa mahaifin ya tsaya a kan cewa duk abin da ya yi don amfanin 'yarsa ya yi, lauyoyinsa kuma suka ce a hannunsa ne dukiyarta ta farfaɗo. A watan Yuli aka ba ta izinin ɗaukar lauyan da take so, Mista Mathew Rosengart. Ran 29 ga Satumba aka dakatar da mahaifin, kafin wata biyu kuma waliccin ya ƙare gaba ɗaya.

GYARAN DA YA BIYO BAYA

Ya kamata a lura cewa dokar jihar ba ta bar waliyyai sakaka ba. Tun da can ta wajabta wa mai riƙon dukiya ya kawo lissafi gaban kotu bayan shekarar farko, daga nan kuma aƙalla duk bayan shekara biyu, kana akwai mai binciken kotu da ke ziyartar wanda ake riƙo. Duk da haka sai da aka shekara 13. Da mai abin ta samu lauyan kanta kuwa, cikin wata huɗu magana ta ƙare. Wannan ya nuna cewa lissafin takarda kaɗai ba ya isa, muddin wanda ake magana a kansa ba shi da mai tsaya masa da ya amince da shi.

Saboda haka a watan Satumba, 2021, Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar da ta ba wanda ake riƙo damar zaɓen lauyansa, ta kuma tsananta horo a kan waliyyin da ya ci amana. A 2022 aka ƙara wata, wadda ta umarci alƙalai su fara duba hanyoyi masu sauƙi kafin su karɓe wa mutum 'yancinsa, kamar a bar shi ya zaɓi amintattun da za su riƙa ba shi shawara, amma hukunci yana hannunsa.

Al'amarin ya wuce na taurari biyu. An ƙiyasta cewa baligai kimanin miliyan 1.3 ne ke ƙarƙashin walicci a Amurka, da dukiyar da ta kai dala biliyan 50. Mafi yawansu tsofaffi ne da naƙasassu waɗanda ba su da masoyan da za su yi cincirindo a ƙofar kotu dominsu. A maƙwabciyar Jihar Nebada, a 2019 an ɗaure wata mata, April Parks, shekara 16 zuwa 40 saboda cin dukiyar mutanen da kotu ta damƙa mata.

Abin da shari'un nan suka koyar a fili yake. Walicci ajiya ce, ba mallaka ba, kuma zumunci ba ya ɗauke wa mai ajiya nauyin kawo lissafi. Kotun da ta naɗa waliyyi ba ta gama aikinta ba sai ta ci gaba da tambayar nawa aka kashe, a kan me, kuma ko har yanzu akwai bukatar riƙon. Amsar tambaya ta ƙarshe kuwa, tilas a saurare ta daga bakin wanda ake riƙo.