Inda ake koyar da jinyar gonar da ta gaji

Me ya sa gonar da a da take cika rumbu yanzu sai wuta-wuta take fitarwa? Wannan tambaya ce ta kai ni wata kwalejin aikin gona a ƙasar Kano. Bayan gaisuwa aka haɗa ni da wani malamin kimiyyar ƙasa da furfura ta riske shi a kan wannan aiki.

A ɗakin gwajinsa ledojin ƙasa ne jere a kan kanta: ta jigawa, ta fadama, jangargari. Ya ɗebi ta jigawa ya jiƙa ya dunƙula, yana buɗe hannu ta wargaje. Ya ce ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi su ke sa ƙasa ta riƙe ruwa da abincin shuka, kuma a gonaki da yawa na yankin ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasar ba. Yuriya tana sa ganye ya yi kore, amma ba ta mayar wa ƙasa da su. A bayan ajujuwa ɗalibai na juya ramin taki, wasu sun tuge wake suna fasa ƙulluttukan saiwarsa don su ga ja-jan da ke nuna yana ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne wani dattijo da malamin ya taɓa bai wa shawarar ya riƙa barin kara a gona. Dattijon ya ce, "Ɗana, karan nan da shi ake dafa tuwo, da shi ake danni, ragowar na dabbobi ne. Wanne zan hana?" Malamin ya ce tun ranar yake gaya wa ɗalibansa kada su ɗauki rashi a matsayin jahilci. Mutanen da suka gaji kai taki da toka a mangala bisa jaki, suke barin gawo a tsakiyar gona, sun san darajar taki; isa ne ba ya yi. Shi ya sa yake koyar da abin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya: taki a gindin shuka, ɗan takin zamani a kai, baɗi a sa waken suya inda aka yi masara. A ganina gaskiyarsa ce.

Damuwarsa yanzu magada. Ɗalibai kaɗan ne ke zaɓar fannin, don wasu iyayen na ganin wasa da ƙasa ne. Duk wanda ɗansa ko 'yarsa ke sha'awar wannan karatu, don Allah kada ya kashe masa gwiwa.