Sarkin Ƙarfi: Waiwaye a Kan Rayuwar Dharmendra

Na daɗe da sanin laƙabinsa kafin in san sunansa. A gidanmu a Zonkwa da Jju muke magana, amma da zarar an saka fim ɗin Indiya sai hira ta koma Hausa. Kawuna kan nuna talabijin ya ce, "Ga Sarkin Ƙarfi nan, yanzu za ka ga aiki." Hausawa 'yan kallo ne suka raɗa masa wannan suna, kamar yadda suka kira Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin. Sai da na fara karatun Hausa na lura cewa irin wannan laƙabi ɗan'uwan kirari ne: hali ɗaya yake ɗauka ya kambama, ya bar sauran.

An haifi Dharmendra ranar 8 ga Disamba, 1935, a ƙauyen Nasrali da ke jihar Punjab. Mahaifinsa shugaban makaranta ne. Gasar neman sababbin 'yan wasa da mujallar Filmfare ta shirya ce ta kai shi Bombay, wato Mumbai ta yau, kuma fim ɗinsa na farko ya fito a 1960. Tauraruwarsa ta haska sosai a 1966 da Phool Aur Patthar. A 1975 ya fito a matsayin Veeru cikin Sholay tare da Amitabh Bachchan da Hema Malini, wadda ya aura a 1980. Ya yi finafinai sama da 300, ya wakilci Bikaner a majalisar dokokin Indiya daga 2004 zuwa 2009, sannan ya rasu a Mumbai ranar 24 ga Nuwamba, 2025.

To, amma abin da laƙabin ya ɓoye shi ne ya fi shafar mu ɗaliban harshe. A shekarar da aka yi Sholay ya kuma fito a Chupke Chupke na darakta Hrishikesh Mukherjee, fim ɗin barkwanci wanda ba dambe ba bindiga. Farfesa ne na ilimin tsirrai, sai ya ɓad da kama ya zama direba a gidan mijin yayar matarsa, wani dattijo mai tsananin son tsantsar Hindi. Direban nan ya dinga zuba masa Hindi irin ta littafi, ba ko kalmar aro ɗaya, har mai gidan kansa ya rasa gane inda aka dosa. Ya kuma addabe shi da tambayoyi a kan abin da ya sa rubutun Ingilishi yake saɓa wa lafazinsa. Abin sha'awa, shi Dharmendra da Punjabi ya tashi a gida.

Ranar da na kalli fim ɗin na yi dariya, amma akwai kunya a cikinta. A shekarata ta farko a jami'a nakan guje wa Hausar da na tashi da ita, don tsoron a ce Hausar 'yan Kudancin Kaduna ce. Ina tsinto manyan kalmomi daga ƙamus ina jefawa inda bai dace ba. Da na je hutu na gwada wa wata mai sayar da citta a kasuwar Kafanchan, sai ta dube ni ta ce, "Ɗana, mudu nawa kake so?"

Kawuna har yau bai yarda da ni ba. Na saka masa Chupke Chupke a waya, ya kalla kamar minti 20, ya miƙo mini ya ce Sarkin Ƙarfi bai mari kowa ba tukuna, in kira shi idan an fara faɗa.